Haɗa sandar fatsa da hannu: daga ina sabon shiga zai fara?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Don Allah masana su koya mini haɗa sandar fatsa irin wadda ake ɗaura wa injin naɗe zare, tun daga tsurar sanda har a je ruwa da ita. Karfasa da tarwada nake nufi, a dam, daga gaɓa. Me zan saya, da me zan fara, kuma a ina sabon hannu ya fi yin ɓarna?

Malam Mai Fatsa:
Wa alaikumus salam. Tunda ka ambaci kifin da wurin, zaɓin ya zo da sauƙi. Nemi tsurar sanda mai ƙafa 7, wato santimita 213, wadda aka rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar zare mai jure nauyin laba 8 zuwa 17 da nauyin jifa giram 7 zuwa 21. Abu biyu ake dubawa, mutane kuma suna yawan cakuɗa su: ƙarfin sanda daban, inda take lanƙwasawa daban. Akwai wadda kanta kaɗai ke rusunawa, kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonta, akwai kuma wadda ke lanƙwasawa har tsakiya. Mai kamu da tana ko hanjin kaza, ta biyun ce tasa. Ba ta yarfe tana daga ƙugiya wajen jifa, idan kuma tarwada ta fizga, jikin sandar ne ke shanye fizgar kafin ta kai ga zare.

Sauran kayan su ne mariƙin baya da na gaba, mazaunin inji lamba 16 ko 17, murfin gindi, zobba bakwai da zoben kai, zaren naɗi, tef ɗin takarda irin na masu fenti, sabuwar reza, magagari, samfefa mai laushi, sifirit, sai gam mai haɗi biyu har kala biyu: na manna mariƙi, da na shafe naɗi. Kar wani ya ce maka ɗaya zai yi aikin biyun.

Injiniya:
Malam bai faɗi abin da aka ƙera sandar da shi ba: ko kabon ne, ko faiba, wato zaren gilashi. Ta kabon ba ta da nauyi, kuma duk abin da ya taɓa ƙugiya sai hannu ya ji. Amma ba ta da yafiya. Idan ta bugu da dutse ko ƙarfen babur, zarurrukan cikinta sukan tsage ido bai gani ba, sai ranar da kifi ya ja ta ɓalle daidai wurin. Ta faiba ta fi nauyi, ta fi kuma jure wulaƙanci. Sandar farko faiba ce ta dace, ko wadda aka gauraya biyun. Wanda kuma ya ɗauki kabon ya sani tana ɗaukar lantarki: hadari ya haɗu ana walƙiya, a kwantar da ita ƙasa, kuma ba a ɗaga ta a ƙarƙashin wayar wuta.

Baban Nana:
Injiniya, a nan ban bi ka ba. Cin karfasa ɗan taɓi ne, faiba kuwa kashe taɓin take yi kafin ya iso hannu. Mutum zai zauna ana cinye masa tana bai sani ba.

Injiniya:
Da gaskiyarka idan da dalma ake kamun a ƙasan ruwa, ana jiran ji a hannu. Amma galibin masu neman karfasa daga gaɓa ɗan kara ko soso suke ɗaurawa a zare suna kallo, ido ne ke aiki. Kuma maganar sandar koyo ake yi. Hannun da bai saba da reza da magagari ba zai karci jikin sanda, kartar da faiba za ta ɗauka ita ce ke kashe kabon.

Kafinta:
Kafin ma a taɓa sabuwar, a samo karyayyar sanda a wajen 'yan gwanjo a yi koyon naɗi a kanta. Zobbanta ma suna iya yin amfani. Wajen cire su, a ɗora reza a kan ƙafar zoben, ƙarfe na ƙasa, a yanka naɗin a tsaye, sannan a ɓare da farce. Ba a yanka a inda reza za ta sauka kan jikin sanda. Kowane zobe a zura masa auduga a juya. Idan audugar ta maƙale, akwai tsaga a cikinsa, zai riƙa cin zare, a yar da shi.

Malam Mai Fatsa:
Aikin farko a kan sabuwar sanda shi ne gano ƙashin bayanta. Ana ƙera ta ne ta hanyar naɗe ƙyallen faiba ko kabon a jikin ƙarfe mai tsini, don haka kaurin bangonta bai zama ɗaya a kowane gefe ba. Ka naɗa tef a tsakiyarta. Ka kafa gindin a kan daɓe mai santsi, ka jingina wajen kan a tafin hannunka, sandar tana kishingiɗe, ka danna tsakiyar da ɗaya hannun har ta lanƙwashe, sannan ka mirgina ta a hankali. Za ka ji ta yi tsalle ta zauna a wani gefen da take so. Ka sa alama a kan tef ɗin, a cikin lanƙwasar. Ga injin da ke rataye a ƙarƙashin sanda, a wannan layin zobba za su zauna. Idan sandar mai gaɓa biyu ce, kowace gaɓa a yi mata nata.

Injiniya:
Wannan magana ta ƙashin baya an fi ba ta girman da ba ta kai ba. Sandar da zobbanta ke ƙasa ba ta murɗewa idan kifi ya ja, ko a wane gefe aka jera su, domin zaren da kansa yana jan su ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne karkata. Kusan kowace tsurar sanda tana da ɗan lanƙwaso na asali. A mirgina ta a kan tebur, ko a hange ta daga gindi, a ga inda kan ya karkata, a juya karkatar ta kalli sama, a jera zobba a ƙasa. Nauyinsu sai ya miƙar da ita. Idan aka bi ƙashin baya karkatar ta faɗo a gefe, har abada za ka riƙa ganin sanda tana kallon hagu.

Malam Mai Fatsa:
Ba mu saɓa sosai ba. A duba duka biyun. Idan sandar miƙaƙƙiya ce, a bi ƙashin baya, ba a yi asarar komai ba. Idan karkatar tana ganuwa, a bi maganar Injiniya.

Kafinta:
To sai mariƙi, kuma ga doka ɗaya da ba ta da gyara idan aka karya ta: duk kayan mariƙi ta kan sanda ake zura su su gangaro gindi, don haka sai an gama da su kafin a naɗa zobe ko ɗaya. Na baya ya fara shiga, sai mazaunin inji, sai na gaba. Wanda ya manta ɗan zoben robar da ke rufe bakin mariƙin gaba, sai dai ya haƙura ko ya kwance zobba.

Tsawon mariƙin baya santimita 20 zuwa 25 ne a sanda irin wannan. Ka kama inda inji zai zauna, gindin ya kusa gwiwar hannunka amma kada ya wuce ta, in ba haka ba zai riƙa kama hannun riga duk jifa. Idan mariƙin na ɓawon itacen nan ne da ake toshe kwalba da shi, sai an faɗaɗa raminsa da zagayayyen magagari, gindi ya fi faɗi kamar yadda sandar take, ana yi ana gwadawa har ya zauna da ɗan turi kaɗan. Idan aka tilasta shi tsagewa yake yi. Na roba mai laushi kuwa miƙewa yake, ba laifi ya tsaya santimita 8 ko 10 kafin wurinsa, jiƙaƙƙen gam zai sa ya zame. Tura shi ake yi daga sama, ba a jan sa daga ƙasa, domin ja yana tsuke ramin ya maƙale a hanya.

Mazaunin inji ya fi sandar faɗi, sai an cike tsakani. A naɗa tef a wuri uku a jikin sanda, da tazarar santimita ɗaya tsakaninsu, har mazaunin ya shiga ba ya girgiza. Inda gam zai kama a goge da samfefa mai lamba 400, sheƙin kawai za a kashe, kada a kai ga zarurruka, sannan a share da sifirit. A shafa gam ya lulluɓe tef ɗin gaba ɗaya har gefunansa, ya cika tsakaninsu. Tef ɗin da gam bai rufe ba, ruwa na shiga ya ruɓe, shi ne za ka ji inji yana juyawa a hannu bayan damina ɗaya. Araldite mai jinkirin bushewa ya isa wannan aikin. Mai minti biyar bai dace ba, zai kama kafin ka daidaita. Kafin ya daskare, ɗaura injin a mazauninsa ka hanga, ƙafarsa ta hau layin alamar nan. A share gam ɗin da ya tsatso da sifirit, musamman a zaren murɗin mazaunin, a bar ta ta kwana.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zoben kai fa? An ce yana da lamba biyu, ban gane ba. Sannan idan na ga sandar ta yi mini tsawo, zan iya rage ta?

Baban Nana:
Lamba ɗaya faɗin zoben ne, ɗayar faɗin bututun da ke shiga kan sanda. Ta bututun da kashi 64 na inci ake ƙirga ta, lamba 5.5 ta kama kusan milimita 2.2. Auna kan sandarka kafin ka saya. Idan babu daidai, ɗauki wanda ya ɗan fi faɗi, kada ka kankare kan sanda don ya shiga. Da gam ɗin kyandir ake manna shi: yanka siraran gutsattsari ka cusa a bututun, ka kama zoben da filaya, ka nuna wa bututun wuta daƙiƙa biyu ko uku, ka tura shi ka daidaita nan take. Wutar bututu ake nuna wa, ba sanda ba, zafi na narka abin da ya riƙe zarurrukanta. Amfanin wannan gam shi ne ranar da zoben ya fashe, ɗan zafi zai fitar da shi. Super Glue ko gam mai haɗi biyu ba sa sakin sa sai an yanke.

Ragewa kuwa, ta gindi ake yi. Santimita 5 daga kai sun isa su mai da sanda mai taushi ta zama sanƙararriya. A naɗa tef a wurin, a yanka da zarto mai ƙananan haƙora ana juya sandar.

Injiniya:
Jeren zobba shi ne ke raba sandar da ke jifa da nisa da wadda zare ke dukan jikinta. Zare yana fitowa daga injin nan yana kewaye mai faɗi, aikin zobban farko su tattaro shi a hankali har ya miƙe. Akwai lissafin da masu wannan sana'a ke amfani da shi: auna faɗin bakin kwarkwaron injinka, wato inda zare ke naɗuwa, ka ninka sau 27, ka auna wannan tsawon daga bakin kwarkwaron zuwa sama. A nan ƙaramin zobe na farko zai zauna. Kwarkwaro mai milimita 45 zai ba ka santimita 121 da rabi.

A sanda mai ƙafa 7 da mariƙin baya santimita 23, wurin yakan faɗo wajen santimita 56 daga kai. To ga jeren da za a fara da shi, duk daga kai ake aunawa: 11, 24, 39, 56, 77, 100, 127. Huɗun farko lamba 6 ne, na 77 lamba 10, na 100 lamba 16, na 127 lamba 25 mai doguwar ƙafa. Babban zai kasance wajen santimita 50 daga bakin kwarkwaro. Idan ka leƙa ta cikinsa, ya kamata ka ga sauran biyun da na 56 sun jeru, kowane a tsakiyar na gabansa.

Jikan Sarkin Ruwa:
Lissafin ya yi kyau, amma kada sabon shiga ya ɗauka an gama. Babu sanduna biyu masu lanƙwasa iri ɗaya, ko daga kamfani ɗaya suka fito. Lambobin nan na kafa zobba da tef ne kawai. Bayan an kafa, a ɗaura inji, a zura zare ta cikinsu duka, a rataya masa ɗan nauyi don ya miƙe. Sai a ɗaura wata igiya dabam a zoben kai, a ɗaure ta a jikin wani abu, a ɗaga sandar ta lanƙwashe. Dalilin igiya ta biyu shi ne sandar ta yi lanƙwasarta ta asali, zobba ba su tilasta ta ba. Yanzu a duba zaren: ya bi gantsarewar sandar, tazararsa da ita kusan ɗaya. Inda ya yi kwana mai kaifi a bakin wani zobe, ko ya yi nisa da sanda tsakanin zobba biyu, wurin yana ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsa, kuma nan take karyewa. A matso da zobe, ko a ƙara ɗaya. Takwas ba laifi ba ne. Sannan a fita fili a yi jifa da dalmar giram 15. Idan ana jin zare yana marin sanda tsakanin inji da babban zobe, a gusa zoben santimita 2 ko 3 a sake gwadawa.

Baban Nana:
A ƙara da kaurin zare. Mai amfani da kakkauran zaren roba, daga milimita 0.35 zuwa sama, lamba 25 za ta shaƙe shi, ya sa 30. Mai saƙaƙƙen zare kuma ya tabbatar zobbansa masu ido na tangaran ne, irin na kamfanin Fuji da makamantansu. Zoben ƙarfe zalla, saƙaƙƙen zaren da ya kwaso yashi yana yi masa kwari a hankali, kwarin kuma ya dawo yana yanka zaren.

Malam Mai Fatsa:
Naɗi ba ya buƙatar inji. Kwali ya isa: a yanke tsaga mai baki buɗe a gefuna biyu, a shimfiɗa ƙyalle a ciki, sanda ta kwanta. Ƙwaryar zaren a sa ta a kofi a baya, a ratsa zaren ta tsakiyar littafi mai kauri, a ɗora wani a kai idan ana son ƙarin tauri.

Kafin komai a gyara ƙafar kowane zobe. A goge samanta da magagari har bakinta ya yi siriri ya kwanta, yadda zare zai hau ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A shafa ƙasanta a samfefa don kashe ƙaya, ƙayar nan ce ke cin jikin sanda duk lokacin da ta lanƙwasa. Sabon shiga yakan tsallake wannan, sai ya rasa me ya sa zare ke taruwa a bakin ƙafa yana barin giɓi.

A riƙe zoben da siririn tef. A fara naɗi milimita 5 kafin bakin ƙafar: a zagaya sau ɗaya, a haye kan jelar zaren, a juya sanda zagaye biyar ko shida a kanta, a yanke ragowar jelar. A ci gaba ana hawa ƙafar, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, ana tura su da farce. An kai rabi sai a cire tef. Saura zagaye bakwai a gama, a kwantar da wani guntun zare da aka ninka biyu, madaukin yana kallon inda ake tafiya, a naɗe a kansa. A danne da yatsa, a yanke zaren, a zura jelar a madaukin, a ja ta ta shige ƙarƙashin naɗin ta fito, a yanke ta da reza a kwance. A murje naɗin da bayan cokali daga gefe zuwa tsakiya, giɓi ya rufe.

Taurin da ake so shi ne wanda babban yatsa zai iya gusa zoben da ɗan ƙarfi bayan an gama. Da haka ake daidaita layinsu a ƙarshe, a juya zobba ƙasa a hanga daga gindi. Naɗin da ya fi haka tauri yana matse bangon sanda, wanda bai kai ba kuma zobe zai riƙa rawa.

Sabon Shiga:
Malam, idan ban sami zaren naɗin na asali ba fa? Akwai zaren teloli da na masu gyaran takalma a kusa.

Kafinta:
Na asalin nailan ne, lamba A don sanda irin taka, lamba D don manya irin na giwan ruwa. Zaren masu takalma mai kakin nan kada ka kusance shi, gam ba ya kama kaki, ga kauri. Na auduga yana da gashi, kana shafa gam gashin zai miƙe ya bushe da ƙaiƙayi. Wanda ya fi kusa shi ne zaren surfani na inji mai sheƙi, na foliyesta, amma akan shafa masa wani mai a masana'anta don ya zame a allura, man kuma yana sa gam ya tsere ya bar ramuka. Ka naɗa kaɗan a karyayyar sandar, ka shafa gam, ka ga yadda zai yi kafin ka amince da shi. Ka kuma san cewa nailan yana duhu idan ya sha gam, ja ya koma jan wur mai duhu, fari ya kusa ɓacewa har ƙafar zobe ta riƙa ganuwa. Baƙi ba ya ba da wannan matsalar, shi ya fi wa mai koyo.

Injiniya:
Tambayar farko ta haɗa da inda aka fi ɓarna. A gam ɗin shafe naɗi ne, kuma kusan kullum awo ne sanadi. Ruwa biyu ne da ake haɗawa daidai wa daida. Ba kamar fenti yake bushewa ba, haɗuwar biyun ce ke daskarar da shi, saboda haka ƙara ruwan daskarwa ba ya sa shi sauri, sai ma ya bar shi da danƙo har abada. Kada a haɗa ƙasa da mililita 3 na kowanne ko da ɗan kaɗan ake buƙata, domin a ƙaramin haɗi kuskuren ɗigo ɗaya babba ne. Da sirinji biyu ake aunawa, kowane ruwa da nasa. Sirinjin kemis mai baƙar roba a ciki yana da man silikon, shi ma yana jawo ramukan da Kafinta ya ambata, a nemi marar roba.

A juya a hankali minti uku, ana kankaro gefe da ƙasan kofin, har gizo-gizon da ke ciki ya ɓace ya yi garau. Bugawa da sauri kumfa take kawowa. Sai a juye shi a kan takardar alminiyom a baje. A cikin kofi yana ɗumama kansa ya yi kauri da wuri, a baje kuwa yana daɗewa, kumfar ma ta fita. Wannan ya fi muhimmanci a zafin Maris da Afrilu, lokacin da haɗin da ya kamata ya ba ka minti 20 zai fara kauri tun ba ka je rabi ba. Da asuba ko da dare ake wannan aiki. Ya fara ja kamar zuma, a bar shi a haɗa sabo, kada a tsinka shi da sifirit.

A fara daga babban zobe. Ana juya sanda, buroshi yana ɗora gam, ba a goga shi. Ya wuce bakin naɗin da milimita ɗaya ko biyu ya hau jikin sanda, don ruwa kada ya sami hanya. A cusa shi a 'yan ramukan da ke gefen ƙafar zobe, nan tsatsa ke farawa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Kumfar da ta rage, a hura mata iska ta bututun shan lemo.

Jikan Sarkin Ruwa:
Sai juyi, wanda shi ne wahalar. Gam ɗin zai yi awa biyu zuwa uku yana gangara. Mai juyawa da hannu ya juya rabin zagaye duk minti ɗaya ko biyu a farko, bayan rabin awa duk minti biyar, daga baya duk minti goma sha biyar. Idan ya taru a ƙasa ya yi tumbi, a ɗebe da gefen kati kafin a juya. Mai son sauƙi ya nemi ɗan motar da ke juya faranti a cikin makirowef wajen masu gyara, tana zagaye biyar ko shida a minti, daidai aikin. Galibi wutar gida take sha kai tsaye, don haka mai gyaran ya haɗa wayar ya rufe ta. A kuma zauna kusa, idan aka ɗauke wuta a awar farko sai a koma hannu.

Sandar ta kwanta daidai, in ba haka ba gam ya taru a gefe ɗaya na kowane naɗi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a yayyafa ruwa a ɗaki, a kashe fanka, a rufe taga, a kifa dogon kwali a kai. Da dare fitila na jawo ƙwari su faɗa ciki. Kada a taɓa naɗi don a ji ko ya bushe, a taɓa ragowar da ke kan takardar alminiyom. Awa 24 kafin shafi na biyu, kwana uku kafin a je ruwa.

Baba Masunci:
Yara, duk na ji, Allah ya yi albarka. Amma wanda kuɗinsa bai kai ba kada ya zauna, gora tana nan. A sari wadda ta shekara uku ko huɗu, da rani, lokacin da ruwan jikinta ya ragu, ɗanya ƙwaro ke ci. A rataye ta a inuwa ta kai, a ɗaura dutse a gindi, wata biyu zuwa uku. A rana tsagewa take yi. Inda ta karkace a gasa a kan garwashi ana juyawa, a miƙar, a riƙe har ta huce. Gaɓoɓin kawai ake gogewa, ba a kankare bayanta, ƙarfinta a nan yake. Zare kuma ba a kai kaɗai ake ɗaure shi ba. A ɗaure tun daga wajen mariƙi, a bi jikinta da shi ana zagayawa har kai, ko kan ya karye kifi bai tafi ba.

Malam Mai Fatsa:
Ranka ya daɗe, haka ne, kuma gorar tana karɓar zobba da naɗi kamar kowace, sai dai nauyi ba zai bari a yini ana jifa da ita ba.

Sabon Shiga, idan sandarka mai gaɓa biyu ce, bakin gaɓar da ake zura ɗayar a ciki sai an yi masa naɗi na santimita 2 an shafe da gam, ko babu zobe a wurin, in ba haka ba zai tsage a kifin farko mai ƙarfi. Kada ma ka lanƙwasa ta wajen gwajin zobba sai ka naɗe bakin da tef. A goga kyandir a ɓangaren da ke shiga don kada ya cije.

Sabon Shiga:
Idan an yi rashin sa'a gam ya kwana biyu yana danƙo, sai an kwance naɗin?

Injiniya:
Ba lallai ba. Idan danƙon sama-sama ne, yatsa na mannewa amma farce ba ya nutsewa, a haɗa sabo da awo mai kyau a shafa siriri a kai, zai rufe shi ya daskare. Idan kuwa farce na shiga, a yanke naɗin a kan ƙafar zobe kamar yadda Kafinta ya faɗa, a share wurin da sifirit, a sake. Kada a sa tina ko asiton, suna cin fentin sanda. Kafin a kwance, a duba ragowar da ke kan takardar alminiyom: idan ita ta daskare amma ta jikin sanda ba ta yi ba, awon lafiya yake, zaren ne ko maiƙon hannu, sai a canza zare a kuma wanke hannu da sabulu kafin a sake naɗi.